Layuka Biyun da Kika Saƙa a Gaban Aji

Fagge, Kano.

Zuwa ga 'yata Ummi, mai sunan uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Kabiru, da jikata, amaryata Nana, mai ƙin gaishe ni sai na ba ta dabino. Allah Ya sa takardar nan ta same ku kun sauka Jos lafiya, kaya bai fashe ba, jiki bai gaji da yawa ba. Allah Ya sa kun shiga sabon gida da ƙafar dama, Ya haɗa ku da maƙwabtan kirki, Ya sa aikin koyarwar da kika samu ya zama alheri gare ki da yaran da za a damƙa miki.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne ya raba ɗakinsa da sashenku duk shekarun nan. Akwai maganar da bakina ya kasa. Mu da muka yi elementare zamanin da ake bugun yatsu in harafi ya karkace, alƙalami ya fi yi mana biyayya a kan harshe. Sai dai kin ga yadda rubutun ya koma, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Da hantsi nake rubutawa, lokacin da rawar hannun take ɗan lafawa, in yi shafi ɗaya in huta.

Akwai ƙunshi a ƙasan jakar da na sa wasiƙar. Kada ki kwance shi sai kin kai ƙarshe. Ba zan ɓoye miki abin da ke ciki ba: jan mayafin wuyan nan ne, wanda kika ajiye mini a cinya kina 'yar shekara goma sha ɗaya. Tun ranar ba ki sake taɓa tsinken saƙa ba.

Abin da ya sa na tono shi, ranar Laraba ne da kuna ɗaure kaya. Nana ta zauna kusa da ni a zaure, ta ɗauki tsinkena biyu tana ƙoƙarin zura zare, ta ce, "Tsoho, koya min, in na iya sai in daina aurenka." Kafin in ba ta amsa kika fito, kika zare su daga hannunta a hankali, kika ce, "Ajiye, Nana. Wannan ba namu ba ne." Ba ki ɗaga murya ba, ba ki kuma kalle ni ba. Na koya wa mata saƙa a zauren nan da ban san iyakarsu ba, amma 'yata ta ce ba nasu ba ne. Kuma gaskiyarki. Ni na fitar da ke daga ciki. Abin da nake tsoro, Ummi, in mutu ban gaya miki na sani ba, kuma ƙofar da na rufe miki ke ma ki rufe wa Nana.

Bari in faro daga inda abin ya faro, don kurakuraina jere suke, ɗaya ya haifi ɗaya.

Ina saurayi, sabon akawu a wani kantin kayan gini a titin da yanzu ake kira Ibrahim Taiwo, na kama ɗaki a gidan Iya Sidikatu a nan Fagge. Bayarabiya ce, iyayenta ne suka zo Kano, ita kuwa Hausarta ta fi tawa gishiri. Tana da rumfa a Kasuwar Sabon Gari inda take sayar da zaren ulu da maɓallai. Wata rana na faɗi da kekena a kwalbati, ƙafa ta karye. Mai ɗori ya ce wata uku ba takawa. Sati biyu ina kwance ina ƙirga azarar ɗaki, na fara yi wa duk wanda ya leƙo tsawa. Sai ga Iya ta shigo da dunƙulen zare da wayoyi biyu. Daga ƙafar keken nawa da ta lanƙwashe ta sa aka ciro su, aka goge bakinsu a dutse.

Ta ce, "Akawu, keken da ya kwantar da kai shi zai ba ka aiki. Riƙe."

Na ce, "Iya, wannan ai aikin mata ne."

Ta ce, "To tashi ka je ka yi na maza mana, ga ƙofa nan."

Ban iya tashi ba, sai na riƙe. Ta nuna mini yadda ake jera ƙulli a kan tsinke, yadda ake zura ɗayan a ɗauko zare a fito da sabon ƙulli, har layi ya ƙare a juya. Abin da na fara saƙawa ya fito kamar ragar da ɓera ya ci. Ta ɗaga shi ta duba ta ramukan, ta ce tana hango ni sarai, ta mayar mini ta ce in ci gaba. Ba ta warware ko layi ɗaya ba. A lokacin na ɗauka ƙyuya ce irin ta 'yar kasuwa mai sauri. Na yi shekara fiye da talatin kafin in gane ita ce malamar da ta fi duk waɗanda suka buge mini yatsu.

Ƙafa ta warke, saƙa ta zauna. Ban san yadda zan kwatanta miki daɗinta ba. Mutum ya dawo daga aiki kansa cike da hayaniya, ya zauna ya yi layi goma, sai ya ji komai ya koma wurinsa. Amma a ɗaki nake yi, ƙofa a rufe.

Kuskurena na farko a kasuwa na yi shi. Na je rumfar Iya ina zaɓen zare, tana ɗora mini wani shuɗi a kafaɗa tana cewa zai dace da wanda na fara, sai ga Sale, masinjan kantinmu, shi da wani. Sale bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Ya ce, "A'a, Akawu! Me ake saye a rumfar mata? Ko zanin goyo za a saƙa mana?"

Na janye kafaɗata, zaren ya faɗi ƙasa. Na ce, "Aike ne. Ƙanwata ce ta aiko ni, ban ma san matar ba."

Matar da ta yi wata uku tana dama mini kunu. Iya ta sunkuya ta ɗauki zarenta, ta karkaɗe, ta ce, "Malam, in ƙanwar taka ta zo da kanta ta fi sanin abin da take so." Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta ci gaba da amsa gaisuwata, amma ba ta sake ce mini Akawu ba, sai Malam. Na yi ta cewa gobe zan ba ta haƙuri, har na yi aure na bar gidan, har aka zo aka ce mini an kai ta makwancinta.

Ummi, duk wanda ya koya miki wani abu, ko ɗaure ɗankwali ne, kada ki ƙi shi a gaban mutane. Za ki shiga cikin malamai masu manyan takardu. In wata mai shara ce ta nuna miki yadda ake lallashin yaro mai kuka, ki faɗi sunanta in an yaba miki. Kuma haƙurin da za ki bayar yau kada ki ce gobe. Dariyar Sale ba ta kai la'asar ba, amma kunyar Iya ga ta nan ina ɗauke da ita har yau.

Na biyu mai sauƙi ne, har Innarki, Allah Ya jiƙanta, ta mayar da shi abin ba'a. Ita ta kama ni da kanta, wata biyu da tarewa, ta ɗaga katifa ta ga zare. Ta ce ita da ta ɗauka wasiƙun wata budurwa za ta gani, ashe kishiyar tata tumaki ne suka haife ta. Da na ga ba ta raina ni ba, sai na ƙudurta zan saƙa mata rigar sanyi in ba ta mamaki. Ban gwada ta ba, ban tambaye ta ba. Na ce ai matata ce, na san ta. Wata biyu ina yi, ga hannuna da tsauri, ina jan zare kamar mai ɗaure akuya. Ranar da na ba ta, ta zura kai, wuyan ya tsaya mata a goshi. Ta tsaya a tsakar gida hannuwa a sama, riga ta rufe mata fuska, tana cewa daga ciki, "Malam, in kashe ni za ka yi ai da ka bari na gama tuwo."

Na ji haushi, na ce kanta ne babba. Ta ce to, kan da na gani na biya sadaki ke nan. Daga baya ta zauna ta miƙo mini hannu ta ce, "Auna. Ba a yi wa mutum riga da zato."

Wannan maganar ki riƙe ta a gidanki da ajinki. Kusanci yana sa mutum ya daina tambaya. Malam Kabiru mutum ne mai shiru, kuma mai shiru ya fi kowa buƙatar a tambaye shi. Yaran da za ki koyar ma haka: kafin ki yanke abin da ya dace da yaro, ki auna shi tukuna. Kuma ki sassauta hannu. Saƙar da aka ja da ƙarfi kyau gare ta a ido, amma ba ta shiga jikin kowa.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye.

Kina aji biyar malamarku ta aikin hannu ta ce kowace yarinya ta saƙa mayafin wuya, a kawo shi a kan tsinke ƙarshen zango ta nuna muku yadda ake rufe baki. Kin dawo da gudu, ko takalmi ba ki cire ba, kika ce, "Baba, ni na fi kowa sa'a, malamina yana gida." Na kai ki Sabon Gari kika zaɓi ja, ja sosai, na ce ba ki son mai duhu kaɗan, kika ce a'a. Na ba ki wayoyin keken nan na Iya, waɗanda ban taɓa ba kowa ba.

Kullum bayan la'asar kina zaune a kan tabarma kusa da ni, harshe a waje, kina yin layi shida ko bakwai. Hannun yaro ne: nan ya tsuke, can ya saki, wani wurin ƙulli ya zame ya bar rami. Ni kuwa ina kallo raina yana ƙaiƙayi. Rana ta biyu, kin tafi makaranta, na dawo gida cin abincin rana, na ga saƙar a kan taga. Na ce bari in gyara rami ɗaya. Da na gyara sai na kusa da shi ya fito da muninsa. Kafin in farga na warware duk abin da kika yi jiya, na sake saƙa shi, layi bakwai cif, na mayar inda kika ajiye.

Da kika dawo kika ɗauka, kika juya shi, idonki ya yi haske. Kika ce, "Baba, duba! Ashe in ya kwana miƙewa yake yi. Hannuna ya gyaru!"

Na ce, "Haka ne, uwata."

Wannan "haka ne" ita ce ƙarya mafi muni da na taɓa yi, kuma da murmushi na yi ta. Na ci gaba kullum, sati biyar. Innarki ta gan ni ta ce, "Malam, garin gyaran gira kada ka tsone ido." Na ce ta bar ni, so nake 'yata ta fita kunya. Gaskiyar ita ce ni nake son fita kunya. Ban so a ce abu ya fito daga gidana da rami, ko da ba wanda ya san ina saƙa.

Abin da ya faru a aji daga bakin Innarki na ji, don ke ba ki taɓa ba ni labarin ba. Malama ta ɗaga naki ta nuna wa kowa, ta ce ku ga aiki. Ta kira ki gaba ta ce ki yi layi biyu 'yan'uwanki su ga yadda ake riƙe zare. Kin fita da alfahari, don kin san naki ne. Kika yi layi biyu, suka fito da ainihin hannunki, a karkace, da rami ɗaya, a kan aikin da yake santsi kamar na inji. Ta ce wa ya yi miki. Kika ce ke kika yi. Ta sake tambaya, kika rantse. Ta ce ke maƙaryaciya ce mai rantsuwa a kan ƙarya, ta sa ki durƙusa a gaban allo har aka tashi.

Na dawo daga aiki ina zaune a tsakar gida, kika zo kika ajiye mini shi a cinya, da tsinken a jiki. Ba ki yi kuka ba. Kika ce, "Baba, ina nawa?"

Na ce, "Ai gyara miki na yi."

Kika tsaya kina kallona kaɗan, kika shiga ɗaki.

Innarki ta ce in je makarantar da safe in gaya wa malamar gaskiya. Na sa riga, na ɗauki hula, na kai har bakin ƙofar makarantar. Sai na hango malamai maza biyu a tsaye suna hira, na tuna zan buɗe baki in ce ni, magidanci mai 'ya'ya biyar, ni nake saƙa. Sale ya daɗe da barin Kano a lokacin, amma dariyarsa na ji a kunnena. Na juya na tafi kanti. Na bar ki da sunan maƙaryaciya don kada a ce mini mai aikin mata. Abin da na yi wa Iya a kasuwa shi na sake yi miki, sai dai ita babba ce ta san abin da ta gani, ke kuwa yarinya ce.

Ga nasihar, in kin yarda ki karɓa daga hannun da ya yi ɓarnar. Za a ba ki yara masu rubutu a karkace da lissafi mai rami. Hannunki zai yi ƙaiƙayi. Kada ki gyara a ɓoye. In akwai kuskure ki nuna wa mai shi, ki bar shi ya warware da kansa, ko ya ce yana son abinsa haka. Abin da yaro ya yi da hannunsa, ko ya karkace, shi kaɗai ne nasa a duniya. Kuma in kika ga aikin yaro ya fi ƙarfinsa, kada ki yi saurin kiran sa maƙaryaci a gaban 'yan'uwansa. Ja shi gefe. Wataƙila akwai wani wawan uba a gida.

Kin san sauran labarin da idonki, amma ba ki san cikinsa ba. Bayan na bar aiki, Innarki kuma ta rasu, gidan ya yi mini faɗi. Yayyenki sun watse, wannan Legas, wancan Abuja. Sai na fito da saƙata zaure, na ce wanda zai yi dariya ya yi. Ba wanda ya yi. Liman ma hular sanyi ya ce in yi masa. Shekara arba'in ina ɓuya daga abin da bai fi ƙarfin kallo ɗaya ba.

Mata suka fara aiko 'ya'yansu, daga baya su ma suka zo, har daga Sabon Gari. Cikin na farko akwai Madam Rifkatu, tsohuwar malamar firamare ce daga wajen Zariya, ta ce tana son ta yi wa jikokinta safa kafin ido ya tafi. Rana ta biyu ta yi kuskure, na miƙa hannu na ce, "Kawo in nuna miki." Ta rungume saƙarta a ƙirji kamar za a ƙwace mata jariri.

Ta ce, "Baba Akawu, da baki ake nunawa. Shekara talatin ina koyar da yara, ban taɓa karɓar fensir daga hannun yaro ba. Zauna a kan hannunka."

Na ce, "A kan me?"

Ta ce, "Hannunka. Sa su ƙarƙashin cinya. In sun fito zan tafi gida."

Matan suka fashe da dariya, ni kuwa na sa hannuwa ƙarƙashin cinya kamar ɗan aji ɗaya. Haka na koyar tun daga ranar. Kin sha wucewa ta zaure ki gan ni zaune a haka, na san kin ɗauka sanyi nake ji. Kowace yarinya da na ga ta ɗaga abinta mai ramuka tana murna, ke nake gani. Na zama malamin kirki ga 'ya'yan mutane, bayan na gama lalata tawa ɗalibar ta farko. Sau da yawa na shirya maganar, in ji takunki, sai in tambaye ki ko an kawo wuta.

Duk da haka ban san zafin abin ba sai watan jiya. Kin san yadda hannun ya zama. Ina saƙa wa Nana hular da za ta sa a Jos, ƙulli yana zame mini, ina gani ba na iya kamo shi. Na yi kwana tara a kan abin da dā nake gamawa tsakanin azahar da magariba. Na bar ta a zaure na shiga yin alwala, na daɗe, don yanzu komai nawa daɗewa yake. Da na fito na ɗauka, sai na ga ramukan sun ɓace. Layukan sun miƙe sumul. Talatu ce, wadda ta fi kowa hannu a cikin masu zuwa, tana gefe ta sunkuyar da kai tana ta aikinta kamar ba ita ba. Don tausayi ta yi, yarinyar kirki ce.

Ummi, ji na yi kamar an shiga ɗakina an kwashe kayana an share, an ce ai taimako ne. Kwana tara na wahalata, an shafe su kamar ban yi ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Talatu, ina tawa?"

Da na ji maganar a bakina sai na zauna. Talatu ta rikice tana ba ni haƙuri, ta ɗauka ita ta sa ni hawaye. Ni tsoho ne, na san wanda ya yi, na san dalili, amma ya yi mini ciwo haka. Ke kuwa shekararki goma sha ɗaya, ubanki ne ya yi, kuma aka durƙusar da ke a kansa.

Na tambayi labarin malamar taku, ko zan same ta in faɗa mata ko da ya makara. An ce ta rasu da daɗewa. Saboda haka ba wanda ya rage in gaya wa sai ke, kuma da ma ke ya kamata in fara gaya wa. Ba ki yi ƙarya ba, Ummi. Kin rantse a kan gaskiyar da kika sani. Ni ne maƙaryacin, ni ya kamata in durƙusa a gaban allon nan. Ki yafe mini.

Yanzu kwance ƙunshin.

Za ki ga mayafin ba ya nan. Na warware duk abin da na saƙa. Saƙa daga sama take warwaruwa, a ja zare ɗaya ta bi, amma da na yi haka da layukanki ne za su fara tafiya. Sai na bi ta ƙasa, inda ba ta yarda, ina zaro ƙulli ɗaya-ɗaya da allura. Kwana huɗu na yi, kuna ta ɗaure kwalaye kuna tsammanin barci nake. Abin da ya rage a kan wayar keken layuka biyu ne, waɗanda kika yi a gaban aji, da raminsu. Na zura farin zare a ƙasansu don kada su zube. Ban taɓa su ba. Dunƙulen da ke gefe zarenki ne da na ƙwace, na naɗe miki. Za ki ga ya yi lanƙwasa-lanƙwasa, haka zare yake in ya daɗe a saƙe, ba ya mantawa. In kin jiƙa shi kin shanya zai ɗan saki. Ba zai koma sabo ba, amma zai saƙu.

Ba na ce dole ki saƙa ba. Na yi miki dole sau ɗaya a ɓoye, ya isa. In kin ga dama ki jefa shi a ƙasan akwati, haƙƙinki ne. Abu ɗaya nake roƙo: in Nana ta sake miƙa hannu, kada ki ce ba naku ba ne. Naku ne. Daga Iya Sidikatu ya zo, ta hannun keken da ya karya ni, kuma ke aka fara ba wa wayoyin nan. Hularta tana cikin ƙunshin ita ma. Na sa Talatu ta zauna a kan hannunta, na warware gyaran da ta yi na sake da kaina. Ramuka biyar ne, na ƙirga. Ki ce wa amaryata ta nan iska za ta riƙa shiga tana gaishe ta.

Kada ki damu da ni. Matar ɗan'uwanki Sani za ta riƙa aiko abinci, masu saƙa suna zuwa Litinin da Alhamis, Madam Rifkatu kuma ba ta fasa zuwa yi mini faɗa ba. Gidan zai yi shiru, ba zan ce miki ba zai yi ba. Na saba jin ƙarar bokitinki da asuba. Amma tafiyarki daidai ce, kuma da zuciya ɗaya na sa miki albarka.

In kuwa wata rana kika ɗora layi na uku a kan biyun nan, ko ke ko Nana ko ku biyu, ya fito a karkace yadda ya ga dama, ki aiko mini da shi. Zan naɗa shi a wuya in tafi masallacin Juma'a, ja ne ko ba ja ba, ko ana zafin da kwalta take narkewa. Duk wanda ya tambaya zan tsaya in gaya masa da ƙarfi wadda ta saƙa, da wanda ya koya mata. Sai dai kada ki daɗe ƙwarai, uwata. Ba don komai ba, wuyan ne yake ta ƙanƙancewa.

Allah Ya tsare ku a hanya da gida, Ya kare ku daga sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Allah Ya ba ki haƙurin zama a kan hannunki. Ya raya Nana, Ya yi wa aurenku albarka, Ya jiƙan Innarki da Iya, Ya sa in sake ganin fuskarki.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
wanda matan zaure suke kira Baba Akawu.